Jan Biro

Ni ne akawun injin casa na bakin kwalta a Auyo.
Shekara tara ina riƙe da littafin shiga da fita:
shuɗin biro na wanda ya yi sammako,
ja na wanda bakwai ta riske shi a hanya.

Talle Maƙera ya sha ja a hannuna sau goma sha ɗaya.
Ranar sunan 'yarsa ma na ja masa,
aka zaftare ɗari biyar.
Bai ce uffan ba. Ya ɗaure hanci da ƙyalle saboda ƙaiƙayi,
ya shige cikin rugugin inji.

Wata Laraba bel ya cafki hannun rigarsa,
rigar kamfani mai zangarniya a ƙirji.
Kafin Sha'aibu ya kai ga makunni
yatsu uku sun bi dusa.

Da ya dawo daga asibitin Haɗeja da rasit cike da leda,
manaja ya ja durowa, ya zaro takarda
mai dangwalen tawada a ƙasa,
babban yatsa, wanda bel ya bari.
Ya ce, "Karanta masa." Na karanta.
Wai Talle ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa,
abin da yake karɓa jinga ce, ba albashi ba,
rauninsa nasa ne kamar yadda gonarsa take tasa.

Ni na kama yatsan nan na dangwala, shekarun baya.
Na ce masa takardar karɓar riga ce.
Haka aka faɗa mini. Ban tambaya ba.

Sai ga wata lauya daga ofishin agajin shari'a na Dutse,
Barista Hansatu, takalminta duk laka.
Ta zauna kan turmi a ƙofar gidansu,
ina rakuɓe jikin danga kamar mai jiran canji.

"Wa ya yanka maka ƙarfe bakwai?"
"Su."
"Injin na wa? Man na wa?"
"Nasu."
"Ran da zazzaɓi ya kama ka, ka taɓa tura ƙaninka ya tsaya maka?"
Talle ya yi dariya, karo na farko tun Larabar nan.
"Ai da sun kore mu mu biyu."
"Ka taɓa yin ciniki kan buhu, ka ce bai yi maka ba?"
"Wa ya ba ni baki?"

Ta rufe biro ta ce,
"Ko an rubuta tunkiya a wuyan akuya, kuka zai tona.
Kotun ma'aikata a Kano zaman da aka yi take aunawa,
ba sunan da aka laƙaba ba.
Akwai diyyar rauni, akwai haƙƙin sallama.
Sai dai bakinka da nasu, baki biyu ne.
Akwai inda aka rubuta?"

Ba wanda ya dube ni.
Da ma sun duba, da ya fi mini sauƙi.

Daren nan tuwo ya ƙi wucewa.
'Ya'ya huɗu, kuɗin makaranta, bashin taki tun bara.
Na haska fitilar waya na buɗe littafin,
na ƙirga jan da na yi wa Talle,
kowane ɗaya yana cewa: wannan yana da ubangida.
Ba a yi wa ɗan kwangila jan makara.
Can sai na tuna ni ma na sa hannu,
rana ɗaya da su, takarda iri ɗaya,
nawa da biro, har da ƙawata wutsiya.

Da asuba na naɗe shi cikin buhun shinkafa wanke.
Talle na gaba, hannu a rataye, ni ina baya
tsakanin kwandon tattasai da wata tsohuwa mai carbi.
Ban san me alƙali zai ce ba.
Barista ma ta ce abin yana ɗaukar watanni.

Bakwai ta cim mana a Gujungu.
Yau ni na makara,
littafin kuwa yana kan cinyata.